Taransifomar da aka juya don ta ɗaga wuta daga volt 208 zuwa 480: ina za a ɗaure ƙasa, wace bireka za a saka?

Tijjani:
Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Ina neman shawara a kan wani aiki da ke hannuna. Ginin da nake aiki a ciki wutarsa fes uku ce, volt 208 tsakanin layi da layi, 120 tsakanin layi da niyutiral, kuma dokar waya ta Amurka, wato NEC, ita ake bi a wurin. An kawo wani injin da ba ya tashi sai da volt 480. Mai ginin yana da wata busasshiyar taransifoma, wato marar mai a ciki, mai ƙarfin kVA 75 a ajiye, irin wadda aka ƙera don sauke wuta, ɓangaren 480 haɗin delta, wato naɗin waya uku da aka haɗa baki da baki kamar alwatika, ɓangaren 208 kuma haɗin tauraro, inda naɗin ukun suka haɗu a tsakiya ɗaya mai ƙafar da ake kira X0. Ya ce a juya ta, a ba ta wuta ta wajen 208 a ɗebo 480 ta ɗaya wajen. A lissafina za ta ja kusan amfiya 208 a shiga, ta ba da kusan 90 a fita. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ƙafar X0: in kawo mata niyutiral daga fanel ko kuwa? Sannan ɓangaren 480 da ba shi da niyutiral, ta ina zan ɗaure shi da ƙasa? Mun kuma gwada kunna ta ba lodi da bireka mai amfiya 225, sau biyu cikin biyar birekar ta faɗi nan take.

Malam Habu:
Wa alaikumus salam, Tijjani. Tunda akwai X0, ai wurin niyutiral ne, kawo shi ka ɗaura, ka haɗa da jikin akwatin, ka kafa sandar ƙasa mai kyau kusa da ita. Birekar kuma ta yi ƙanƙanta ne, ƙara mata girma. Na daɗe ina haɗa taransifoma, ban taɓa barin X0 a sake ba.

Injiniya Bashir:
Malam Habu, Allah ya ƙara girma. Abin da ka faɗa daidai ne a duk lokacin da ɓangaren tauraro shi ne na fita, kuma haka yake a mafi yawan ayyukan da muke yi, shi ya sa hannu ya saba. Amma a aikin Tijjani tauraron ya koma ɓangaren shiga, hukuncin kuma ya juya tare da shi. Idan aka juya irin wannan taransifoma, X0 a sake ake barinta: ba a kawo mata niyutiral, ba a haɗa ta da akwati, kuma idan masana'anta ta riga ta ɗaura wani ɗan ƙarfe tsakaninta da jikin akwatin, cire shi ake yi kafin a ba da wuta.

Dalilin kuwa shi ne naɗin delta zobe ne rufaffe. Muddin tsakiyar tauraron tana haɗe da niyutiral na ginin, duk wani rashin daidaito da ke tsakanin layukan uku, da duk wata waya da ta taɓa ƙarfe a ko'ina cikin ginin, za su tura wuta ta bi ta X0, ita kuma ta haifar da wutar da ke kewaya cikin zoben deltan ba tare da ta fita ko'ina ba. Taransifomar sai ta shiga ƙoƙarin daidaita wutar ginin gaba ɗaya, aikin da ba don shi aka ƙera ta ba. Za ka same ta tana zafi alhali injin a kashe yake, wayar niyutiral ɗin tana ɗauke da wutar da ba wanda ya lissafa da ita, bireka kuma tana faɗuwa saboda matsalar da ta auku a wani sashe dabam na ginin. Waya uku masu wuta za ka kai mata, Tijjani, tare da wayar kariya da za ta kama jikin akwatin kawai.

Tijjani:
Na gode, Injiniya. Na buɗe murfin yanzu, kuma lallai akwai wani siririn ƙarfen tagulla daga X0 zuwa gindin akwatin. Da shi a ɗaure muka yi gwajin.

Injiniya Rabi:
To ka cire shi kafin komai, ƙanena. Sai dai ni a ganina ba a nan gizo ke saƙa ba, babbar maganar tana ɓangaren 480. Babu wata waya da ta haɗa naɗin shiga da naɗin fita, maganaɗisu ne kaɗai tsakaninsu, saboda haka abin da ke fitowa sabon tsarin wuta ne mai zaman kansa, wanda sashe na 250.30 na NEC ya yi magana a kansa. Ɗaurin ƙasar da aka yi a babban fanel na ginin bai shafe shi ba ko kaɗan. Idan wayar 480 ta goge ta taɓa jikin injin, wutar ba ƙasa take nema ba, naɗin da ya haife ta take neman komawa, kuma idan ba ka gina mata hanyar komawa ba, babu birekar da za ta san an yi wani abu.

A nan ne nake so in tsaya a kan sandar da Malam Habu ya ambata, domin wannan fahimta ta yaɗu ƙwarai, har a tsakanin mutanen da suka fi ni daɗewa a aiki. Mu ɗauka ka kafa sanda wadda juriyarta om 25, wadda mutane da yawa za su ce ta yi kyau, kuma tsarin yana da volt 277 tsakanin layi da ƙasa, kamar yadda tauraron 480 mai ɗaurin tsakiya yake. Idan ka raba 277 da 25 za ka samu amfiya 11. Bireka mai amfiya 125 za ta ɗauki wannan a matsayin ƙaramin lodi, ta bar shi yana gudana har gobe, jikin injin kuma yana nan da wuta yana jiran wanda zai dafa shi. Shi ya sa dokar ta faɗa ƙarara a 250.4 cewa ƙasa ba a lissafa ta a matsayin hanyar da wutar matsala za ta bi ta koma. Sanda tana da aikinta, wato tsawa da daidaita ƙarfin wuta tsakanin tsarin da ƙasa. Mai kayar da bireka kuwa ita ce hanyar ƙarfe da tagulla da ta taso daga jikin injin ta koma har cikin naɗin taransifomar.

Malam Habu:
Hajiya, na ji lissafin kuma ban musa ba. Amma delta ba shi da tsakiya, to ina za a kama? Mu a da barinsa muke yi haka nan, injin yana aiki shekara da shekaru.

Injiniya Rabi:
Yana aiki kam, ranka ya daɗe, kuma dokar ba ta hana ba, sai dai ta sa sharaɗi. Hanya biyu ce ga wanda ya nace sai delta. Ta farko a bar shi ba ɗauri, amma a saka na'urar da ke gano taɓawar ƙasa, kamar yadda 250.21 ta wajabta, a kuma rubuta a jikin fanel cewa tsarin ba a ɗaure yake ba. A irin wannan tsari waya ta farko da ta taɓa ƙarfe ba ta kashe komai, injin ya ci gaba da juyawa, kuma masana'antun da ba sa son tsayawa kwatsam don haka suke zaɓarsa. Amma daga wannan lokaci sauran layuka biyu suna ɗauke da cikakken 480 tsakaninsu da ƙasa, kuma ranar da layi na biyu ya taɓa wani ƙarfe a wani wuri, layi da layi ne suka haɗu ta cikin bututu da jikin injuna. Tsarin yana da amfani ne kawai a inda akwai ma'aikacin da ke duba na'urar, ya bi matsalar farko ya gyara kafin ta biyu ta zo. Ginin da ba shi da irin wannan mutum bai dace da shi ba.

Hanya ta biyu ita ce a ɗaure kusurwa ɗaya ta deltan, wato a zaɓi layi guda a haɗa shi da akwati da wayar ƙasa. Wannan yana ba wutar matsala hanyar komawa, bireka kuma tana faɗuwa yadda ake so. Kuɗinsa shi ne layuka biyun da suka rage kullum suna kan 480 da ƙasa, saboda haka birekar da aka rubuta wa 480Y/277, wato ta tauraro mai 480 tsakanin layi da layi da 277 tsakanin layi da ƙasa, ba ta halatta a wurin ba, sai wadda aka rubuta wa 480 zalla, kamar yadda 240.85 ta bayyana. Ba a kuma saka fiyus a layin da aka ɗaure, ana yi masa alama da fari ko ruwan toka, kuma duk wanda zai zo gyara bayanka sai ya fahimci cewa wannan farar waya layi ce mai ɗauke da cikakken lodi.

Lawal:
Tijjani, kafin a yi nisa, injin naka yana da na'urar sarrafa gudu ta lantarki, irin wadda ke canza mita? Ina tambaya ne domin na taɓa ƙona guda a kan delta mai ɗaurin kusurwa. Yawancinsu suna zuwa da kayan tace wuta da na kare tsawa da aka haɗa tsakanin kowane layi da ƙasa, an kuma auna su a kan 277. Littafin na'urar ya ce a cire wasu ƙusoshi idan tsarin ba tauraro mai ɗauri ba ne, ni kuwa ban karanta ba sai bayan hayaƙi ya tashi. Laifina ne, ba na mai ƙera ta ba.

Tijjani:
Yana da ita, Yaya Lawal. Na duba littafin, ya ce an fi son tauraro mai ɗaurin tsakiya, kuma idan aka cire kayan tacewar na'urar za ta iya damun sauran kayan lantarki da ke kusa.

Injiniya Bashir:
To magana ta fito fili. Ni shawarata ita ce a mayar da wannan taransifoma inda aka ɗauko ta, a sayo wadda aka ƙera don ɗaga wuta, ɓangaren 208 delta, ɓangaren fita tauraro mai 480Y/277. Ka gaya wa mai ginin kada garin neman gira a rasa ido. Idan ya tara abin da zai kashe a kan bireka ta musamman da na'urar gano taɓawa, ya ɗora haɗarin ƙona na'urar gudun a kai, arahar da yake hange ba ta nan. Akwai kuma 450.11, wadda tun bugun 2014 ta ce ana iya ba taransifoma wuta ta ɓangaren da aka rubuta a matsayin na fita ne idan umarnin mai ƙera ta ya yarda da hakan. Wasu sun yarda, wasu sun hana, saboda haka ko da za a juya ta sai an ga takardarta.

Faɗuwar birekarka ma tana da alaƙa da juyin, ruwa ba ya tsami banza. Kowace taransifoma tana zuƙar wuta mai yawa a daƙiƙar farko ta kunnawa, sau takwas zuwa goma sha biyu na abin da take ja a cikakken lodi ba abin mamaki ba ne, kuma yawan ya danganta da daidai inda igiyar wutar take lokacin da aka rufe makunni da ragowar maganaɗisun da ke cikin ƙarfen. Shi ya sa ta faɗi sau biyu ta tsaya sau uku. Naɗin ƙaramar wuta galibi shi ne na ciki, mafi kusa da ƙarfen tsakiya, kuma idan ta nan aka kunna, zuƙar farkon ta fi yawa. Ga kuma ƙafafun daidaita ƙarfin wuta, waɗanda aka yi su a naɗin 480 don su bi wutar da ke shigowa. Bayan juyi sun koma ɓangaren fita, suna iya ɗaga ko sauke abin da ke fita, amma ba za su kare ƙarfen daga wutar shiga da ta yi yawa ba.

Malam Habu:
Na yarda a sayo sabuwa. Amma maganar ƙara girman bireka da na yi tana nan, ko ba haka ba?

Injiniya Bashir:
Tana nan, Malam, sai dai tana da iyaka kuma tana da abin da take jawowa. Jadawalin 450.3(B) ya ba da zaɓi biyu ga taransifomar da ba ta wuce volt 1000 ba. Idan kariyar shiga kaɗai za a yi, ba za ta wuce kashi 125 cikin ɗari ba, wato amfiya 260 a lissafin Tijjani, kuma tunda babu bireka mai wannan lamba an yarda a hau zuwa ta gaba, 300. Idan kuwa akwai kariya a fita wadda ba ta wuce kashi 125 ba, ta shiga tana iya kaiwa kashi 250, wato 520, amma a nan ba a yarda a hau ba, sai a tsaya a 500 ko ƙasa. A fita, kashi 125 na 90 ya kama kusan 113, sai a hau zuwa 125.

Abin da ake mantawa shi ne birekar shiga ba taransifoma kaɗai take karewa ba, har da wayar da ke kai mata wuta. Bireka mai 300 tana tafiya da tagulla mai kaurin 350 kcmil, wayar kariyarta kuma lamba 4 a ma'aunin kaurin waya na Amurka, inda ƙaramar lamba ta fi kauri. Ranar da ka mayar da ita 400 don gudun faɗuwa, waya ma sai ta girma, wayar kariya ta koma lamba 3, wataƙila bututun ma ya yi kaɗan. Ni da zan fara da 300, in nemi wadda ake iya daidaita saurin faɗuwarta, kafin in yi tunanin hawa sama.

Tijjani:
Injiniya, idan na tsaya a 300 ta shiga, ke nan ba sai na saka ta fita ba? Injin yana da nasa makashi a jiki.

Injiniya Rabi:
A'a, kada ka haɗa abu biyu. Sashe na 450 taransifomar yake karewa, wayoyin da ke fita daga cikinta kuma maganarsu tana 240.21(C). Birekar shiga tana iya kare wayoyin fita ne a yanayi biyu kawai, fes ɗaya mai waya biyu shiga biyu fita, ko delta zuwa delta mai waya uku. Delta zuwa tauraro ba ya ciki, kuma akwai dalili: idan layi ɗaya na tauraron ya haɗu da tsakiya, abin da birekar shiga take gani bai wuce kusan kashi 58 na abin da za ta gani a haɗuwar layi uku ba, saboda yadda wutar ke rarrabuwa a naɗin delta. Waya tana iya dahuwa ita kuma tana ganin lafiya lau.

Saboda haka wayoyin fita sai sun ƙare a bireka ko fiyus, kuma tsawonsu a ƙayyade yake, ƙafa 10 a ƙarƙashin wasu sharuɗɗa, ƙafa 25 a ƙarƙashin wasu, wato kusan mita 3 da mita 7.5. A wannan ɗan tsakanin ba a yarda da hawa lamba ta gaba ba, dole wayar ta iya ɗaukar abin da aka rubuta a birekar. Tagulla lamba 1 tana ɗaukar amfiya 130 a ma'aunin zafi na digiri 75 na Celsius, ta isa bireka mai 125. Idan injin yana nesa, ka kafa makashi mai bireka kusa da taransifomar, daga nan ka ja waya yadda kake so.

Lawal:
Hajiya, sai ki ƙarasa masa maganar ɗaurin a sabuwar, domin a nan ne na fi ganin ana kuskure. Wasu suna ɗaurewa a taransifoma su sake ɗaurewa a fanel, wai don a ƙara tabbaci.

Injiniya Rabi:
Wuri ɗaya ake ɗaurewa, ko a cikin taransifomar ko a makashin farko, ba duka biyun ba. Idan aka yi biyu, niyutiral da bututun ƙarfe sun zama hanya biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa, wutar aiki ta yau da kullum sai ta rabu, wani kaso ya riƙa bi ta jikin akwatuna. A sabuwar taransifomar tsakiyar tauraron tana ɓangaren babbar wuta, galibi za ka ga an rubuta mata H0. Ni nakan ɗaure a nan: waya daga H0 zuwa sandar tagullar da ke jikin akwatin, wata daga wannan wuri zuwa tsarin ƙasa na ginin, wata kuma ta bi wayoyin fita har akwatin makashin farko ta kama jikinsa. Dukkansu da girman wayoyin fita ake auna su, ba da bireka ba, domin babu bireka a gabansu, kuma ga tagulla lamba 1 jadawalin 250.66 da na 250.102 suna ba da lamba 6. Tunda injin ba ya amfani da 277, ba lallai ka ja niyutiral zuwa makashin ba idan ɗaurin yana cikin taransifomar.

Wayar ƙasar kuma tsarin da ginin yake da shi za ta kama, kamar ƙarfen ginin da aka riga aka ɗaure ko bututun ruwa na ƙarfe kusa da inda ya shigo, ba wata sanda da aka kafa ita kaɗai a gefe ba. Da wannan haɗi, idan farantin taransifomar ya nuna kashi 5 na turjiya, wutar matsala tana iya kusantar amfiya 1,800 a bakin ƙafafunta. Kwatanta wannan da 11 ɗin da sanda ta bayar.

Injiniya Bashir:
Ga waɗanda ke aiki da dokokin waya na ƙasa da ƙasa, wato IEC 60364, abin da Hajiya ta kwatanta shi ne tsarin TN-S, delta marar ɗauri kuma shi ne IT, wanda su ma suka wajabta masa na'urar sa ido a kan rufin waya. Lambobin sassa ne suka bambanta. Abu ɗaya da ya fita daga duk wannan shi ne taransifoma mai naɗi guda, wadda shiga da fita suke tarayya a waya ɗaya. Ita ba ta haifar da sabon tsari, saboda haka ba a yi mata sabon ɗauri.

Malam Habu:
To ni ina da sauran tambaya ɗaya. A sabuwar, ɓangaren 208 delta ne, babu X0 ke nan. Niyutiral ɗin da Tijjani ya riga ya ja daga fanel fa?

Tijjani:
Ban kai ga ja ba, Malam, Allah ya taimake ni na tsaya tambaya. Na nuna wa mai ginin littafin injin da lissafin amfiya 11 ɗin, ya yarda a sayo mai 208 delta zuwa 480Y/277. Zan fara da 300 a shiga, 125 a fita cikin makashin da zan kafa ƙafa shida daga taransifomar, ɗauri ɗaya a H0. Ƙarfen ginin yana bayan bangon da za ta zauna, sai dai ban tabbatar an haɗa shi da tsarin ƙasa na babban fanel ba.

Injiniya Rabi:
Kada ka ɗauka an haɗa, bi shi da ido har ka ga wayar da maɗaurinta, sannan ka auna. Kafin ka ba injin wuta kuma, ka kunna taransifomar ba lodi ka auna kowane layi da jikin akwatin. Idan ukun suka nuna kusan 277, ɗaurin ya kama. Idan lambobin suna yawo, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kashe ka koma kan H0.